Kilishi da Takardar Cikin Hula

Masu bibiyar labarin nan, na gaishe ku, manya da yara, na gida da na nesa. Ni ne dai Lado mai kilishi na Ƙofar Sauri. An karanta mani abin da kuka rubuto. Wata baiwar Allah ta ce wai tsohon nan ya faye cika baki. To 'yar nan, bakin nawa ne. Na yi agana ina ɗan shekara bakwai, mu tara muka kwanta a unguwarmu, mu biyu muka tashi. Na yi amai da gudawa a shekarar fari, har an aika a yanko likkafani, na buɗe ido na nemi fura. Motar shanu ta kife da mu a hanyar Funtuwa, ni na fito da ƙafata na jawo direba ta taga. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana buga mani a waya, amma ba a haifi wanda ya yi mani wayo a Babbar Kasuwa ba.

Na jero maku wannan ne don ku san irin mutumin da zai gaya maku cewa akwai ranar da gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa. Ranar ita ce Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a shekarar casa'in da tara.

Zulaihat ita ce autata. A lokacin tana ajin ƙarshe a makarantar nas, saura mako biyu ta shiga babbar jarrabawa. Yarinya ce siririya, marar hayaniya, mai goge fararen kayanta da dutsen guga na gawayi har sai karin ya miƙe kamar wuƙa, ta maƙala ɗan agogo a ƙirji ta fita. In ta dawo, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta baje takardu, ni kuma ina gefe ina tsoma nama a labu, wato haɗin tunkuza da yaji na kilishi, ina shanyawa.

Wata Litinin da yamma ta ɗago kai ta ce, "Baba, bari in gwada karatuna a kanka. In ka gane, na san na iya."

"Zuba. Wane karatu ne ya fi ƙarfina?"

"Garkuwar jiki ne. Kowane mutum akwai masu tsaro a cikin jininsa. Wani nasa ba su da ƙarfi, kowace cuta sai ta shiga ta yi yadda ta so. Wani nasa sukan ruɗe su kama dukan 'yan gida, su cinye mashi gaɓoɓi ko ƙoda. Wani kuma zafin kai ne ya yi masu yawa. Baƙo zai zo ba shi da laifin komai, sai su tayar da gari gaba ɗaya."

"Ai soja kike faɗa," na ce. "Na san su. An ajiye su gadi, sai su tare ka a hanya su sa ka tsallen kwaɗo da tiren nama a ka."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Wallahi Baba haka zan riƙe shi. To masu zafin kan nan iri huɗu ne. Akwai masu faɗa wa jini in an yi wa mutum ƙarin da ba irin nasa ba. Akwai masu cukuikuye baƙon su je su jibge a ƙoda ko gwiwa, wurin ya kumbura. Akwai masu jinkiri, sai bayan kwana biyu ko uku fata ta tashi, kamar yadda baƙin lallen nan ya yi wa Inna. Amma na farkon, shi ake tsoro."

"Shi kuma yaya yake?"

"Borin jini mai tsanani. Ranar farko da abin ya shiga jiki, ba su cewa komai, fuskarsa kawai suke riƙewa. Ranar da ya dawo, minti biyar ko goma ya isa. Jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi ƙasa. In ba a yi allura ba, sai dai wani ikon Allah."

"Me ke kawo shi?"

"Harbin zuma. Wata allurar. Ƙwai." Ta saci kallon kwanon labun da ke gabana. "Har da gyaɗa, Baba."

Na yi dariyar da sai da Delu, uwarta, ta leƙo daga madafi. "Gyaɗa! Shekara arba'in hannuna na cikin tunkuza. Da ita aka yaye ni, da ita na yaye ku. Namijin da gyaɗa za ta kayar, wallahi ko akuya ba ni ba shi kiwo, balle ɗiya."

Ta rufe littafin a hankali. Na ɗauka gajiya ce.

Abin da ya faru a ɗaki, sai daga baya Delu ta ba ni labari. Zulaihat ta shiga ta faɗa kan gado, ta cusa fuska a matashi. Domin yaron da ke nemanta, Muttaka mai gyaran rediyo, a asibiti suka haɗu. An kawo shi daga wani suna da leɓe kamar an hura, ya ci miyar taushe bai san da gyaɗa a ciki ba. Ita ta riƙe mashi kwano, ita ta duba bugun jininsa, shi kuma yana ta ƙoƙarin ba ta haƙuri da bakin da ba ya rufuwa. Likita ya gaya mashi a gabanta cewa na gaba zai fi wannan muni. Wata takwas suna tare, Delu ta sani, ni ma na san da maganar yaron har na sa mashi ranar Asabar ya zo shi kaɗai in gan shi ido da ido. Wannan guda ɗaya ne aka ɓoye mani. Ranar Litinin ɗin nan ta ɗauko hanyar gaya mani ta cikin karatu, na toshe hanyar da bakina.

"Inna, in na faɗa zai hana. Kin ji dai da kunnenki."

"To mu yi shiru har a ɗaura. Abinci ai ni ke dafawa. Babu abin da zai fita zaure sai ta hannuna."

Ranar Laraba ina fitowa masallaci na ci karo da Indo, yayar Muttaka, a ƙofar gida da ambulan a hannu. Lokacin ba waya, takarda ake yi. Muka gaisa, ta ce saƙon Zulaihat ne.

"Tana asibiti. Kawo, ni zan ba ta."

Ta ɗan yi jim, amma wa zai ce wa uba a'a? Na karɓa na cusa a cikin hulata. Kada in yi maku ƙarya, ba mantuwa na yi ba. So nake in ji irin maganar da yaron ke rubuta wa ɗiyata. Na ce gobe in ba wani a kasuwa ya karanta mani. Gobe ta yi, na duba duk masu karatun layinmu, na ga ba wanda zan yarda ya ji sirrin gidana ya kuma tafi yana cewa Lado sai an karanta mashi. Juma'a ma haka. Takarda tana bisa kaina, ina sallah da ita, ina ciniki da ita.

Asabar tun da asuba na ji ana ta saɓar tukwane da toka. Zulaihat ta wanke kwanuka sau biyu, ta ware sabon ludayi, ta ɗauke kwalbar man gyaɗa ta kai can bayan randa. Da man shanu aka yi miya.

"Yau kuma gwamna za mu sauka?" na ce.

Zulaihat ta yi wanka ta sa atamfa koriya mai zanen ganye, ta yafa farin gyale, tana ɗaura ɗankwali yana kwancewa. Da zan fita zaure ta biyo ni.

"Baba."

"Na'am."

"Don Allah, abin da Inna ta aiko kawai za a ba baƙon."

"Ni za ki koya wa karɓar baƙo? Kafin a haifi uwarki nake sauke mutane."

Ta dubi ƙasa. Na wuce.

Da hantsi ya yi sallama. Dogo, baƙi, da shadda ruwan toka wadda aka yi wa bugu, ya tuɓe takalmi tun daga waje ya durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida? Ya Alhaji Babaji?" Baffansa ke nan, shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansa.

"Lafiya lau, yana gaishe ka."

"Ya aiki? Ya zafin nan? Matso mana, ba cizo nake ba."

Ya matso kamar taki ɗaya. Rediyona na gefe, ina son in ji yadda ake rantsar da sabbin shugabanni, amma sai ƙara take kamar ana suyar ƙosai. Na buga mata tafin hannu, ta ƙara rikicewa.

"Baba, in ka yarda in duba."

Ya zaro ɗan sukudireba daga aljihu, ya buɗe bayanta, ya hura, ya murɗa wani abu, ya goge wani da bakin rigarsa. Sai ga murya tar kamar mutumin yana cikin zauren. Ana cewa an miƙa, soja sun koma bariki. A waje aka ɓarke da hon na babura da guɗa.

Yaron ya shiga raina nan take. Na ce wannan hannu ne mai albarka. An kawo tuwon shinkafa da fura, ya ɗan taɓa furar ya ajiye, kansa a ƙasa. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, a lokacinmu saurayi ba ya sakin jiki ya ci a gaban uban yarinya. Kunya ce, kuma ita ake so a gani. Na gani, na ji daɗi. Sai na ce bari in yi mashi abin da ba ni yi wa kowa. Na sa hannu a aljihun babbar riga na fiddo ƙunshin kilishin da nake yi wa kaina, na cinyar bijimi, mai labu kauri biyu.

"Ungo. Wannan ko Alhazan birni ba su samunsa."

Ya dubi ƙunshin.

"Alhamdu lillahi Baba, na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Fura ka lasa."

"Wallahi Baba na gode. In an yarda in tafi da shi gida."

"Gida? A gabana za ka ci, in ga fuskarka. Yau an sauke soja, an sauke kunya. Kowa ya samu 'yanci."

Ya yi murmushi irin na wanda ƙaya ta soka. "Baba, a yi mani haƙuri."

Sau uku ke nan. Kunya sau biyu ake yi, na uku ya zama wani abu. Raina ya soma ɓaci. Na ce maganar da har gobe in na tuna ta sai na ji ɗaci a bakina.

"Ko dai ƙyamar sana'ata kake? Ɗiyar mahauci kake so, naman mahauci ne ba ka so?"

Ya ɗago ido karo na farko ya dube ni. Ya waiga ya dubi ƙofar cikin gida. Babu kowa. Ya miƙo hannu biyu, ya yagi kamar faɗin yatsa uku, ya ce bismillahi.

"Yawwa! Yaya ka ji?"

Ya gyaɗa kai yana taunawa.

Na ci gaba da ba shi labarin motar shanu. Ban kai inda muka kife ba na ga yana sosa tafin hannu. Ya sosa wuya. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Baba, zan... zan koma."

Muryar ba tasa ba ce, ta shaƙe kamar ta tsohon zakara. Na duba da kyau. Leɓensa ya yi suntum, idanu sun kumbura, wuyansa duk ya tashi rudu-rudu. Ya yunƙura zai miƙe, ya dafa bango, ya sulale.

"Delu! Delu! Kawo manja! Yaron nan ya ci wani abu!"

Zulaihat ta riga uwarta fitowa, ba gyale, ba takalmi. Idonta bai sauka a kansa ba tukuna, a kan takardar kilishin ya sauka.

"Muttaka!"

Wata takwas ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kullum "shi" ne, ko "baƙon". Ranar ta kira shi da ƙarfin da maƙwabta suka ji.

Delu ta iso da kwanon manja, na karɓa zan ɗura mashi. Zulaihat ta kaɗe kwanon daga hannuna, ya fantsama a bango. Ɗiyata, a hannuna.

"Kada a sa mashi komai a baki! Maƙogwaron rufewa yake! Baba, kira Mati ya kawo mota. Yanzu!"

"A tayar da shi ya sha iska..."

"Kada a tsayar da shi! In ya tsaya jinin zai gudu daga kansa. Baba, mota!"

Na fita a guje. Mati maƙwabcinmu ne, yana da a-kori-kura da yake ɗaukar hatsi zuwa kasuwa. Allah ya sa yana gida yana jin rediyo. Muka ɗauko Muttaka a kwance cikin tabarma muka sa a baya. Zulaihat ta haye ta tallafi kafaɗunsa don ya samu jan numfashi, ta sa na cusa buhun da ke wurin a ƙarƙashin ƙafafunsa. Yatsunta biyu na wuyan hannunsa. Numfashinsa na fita da wani siririn fito, kamar iska a ramin makulli.

"Dube ni. Ja a hankali. Kada ka rufe ido. Mati, don girman Allah taka!"

Ina za a taka? Gari ya cika. Babura sun yi jerin gwano da tutoci, samari a kan motoci suna kiɗa, titi ya toshe tun kafin mu kai kwanar da ake hango hasumiyar Gobarau. Mati na danna hon, su kuma suna ɗauka taya su murna yake, suna ɗaga mashi hannu.

"Bugun yana ɓacewa," Zulaihat ta ce. Ba da ni take ba, da kanta take. "Minti goma sha biyu. Ya Allah. Minti goma sha biyu."

Na dira daga motar. Muryar da nake kiran ciniki da ita daga wannan ƙofar kasuwa a ji ni a waccan, ita na saki. "Hanya! Rai ne! Ku ba da hanya, rai ne!" Ina gudu a gaban mota, ina ture babura da hannu, babbar riga na harɗe ni. Wani ya zage ni, wani ya gane ni ya kama taya ni. Na yi gudun nan ina da shekara hamsin da biyar, kuma ko yau a tambayi Mati.

A asibitin da Zulaihat take koyon aiki, tun daga bakin ƙofa take magana, ba ta jira gaisuwa ba. Sista Hauwa'u ce a bakin aiki, wata doguwar mata mai tabarau.

"Sista, borin jini ne mai tsanani. Gyaɗa, minti ashirin da suka wuce. Ya taɓa yi. Maƙogwaro ya kumbura, bugu ba ƙarfi."

"Adirenalin. Zuƙo, ke kin fi kusa."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Hannun da ya kasa ɗaura ɗankwali da safe, ko gezau bai yi ba. Ta zuƙo, ta nuna wa Sista, Sista ta gyaɗa kai, aka soka mashi a cinya. Aka ɗora mashi abin iska a hanci, aka nemi jijiya aka sa ƙarin ruwa. Zulaihat ta kafa wa agogo ido. Ban taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba.

"Bai sake ba, Sista."

"A ƙara."

Aka ƙara. Likita ya shigo da sauri. Sai can na ji fiton nan ya soma buɗewa, ya zama numfashi irin na mutane. Ƙirjinsa ya tashi ya sauka. Sista ta dubi Zulaihat ta saman tabarau ta ce, "Ke, je ki nemi takalmi."

Bayan azahar Alhaji Babaji ya iso, babban mutum mai sayar da hatsi, da carbi a hannu da fuska a ɗaure. Muka gaisa sama-sama. Ya shiga ya ga Muttaka zaune, kumburin ya faɗa, har yana magana.

"Alhamdu lillahi. To tashi mu tafi. A gida a yi maka rubutu, ka huta."

Sista ta ce likita ya ce a bar shi ya kwana. Alhaji ya ce ya gode, amma yaro ya warke, ga shi kowa na gani, kuma shi bai ga abin da zai zaunar da ɗansa a nan ba bayan daga gidan mutane aka kwaso shi. Ya faɗi "gidan mutane" yana kallon bango, ba ni ba.

Zulaihat ta zo ta durƙusa a tsakiyar ƙofar ɗakin. An ara mata silifa da wani mayafi.

"Alhaji, ina wuni. Don Allah a yi mani haƙuri in yi magana."

"Ke ce yarinyar?"

"Ni ce. Alhaji, abin nan yakan dawo. Allurar ta kwantar da shi ne, ba ta kore shi ba. Wani bayan awa huɗu, wani takwas, ba tare da ya sake cin komai ba. In ya dawo yana gida, ga yadda hanya take yau..."

"Yakan dawo, ko zai dawo?"

"Ban sani ba, Alhaji. Ba wanda ya sani. Shi ya sa."

Ni kuwa so nake kowa ya watse, a daina kallona. Na ce, "Ke Zulai, tashi ki ba manya hanya. Yaro ya samu lafiya, ba komai."

Ta juyo ta dube ni, idanunta jawur. A hankali ta yi maganar, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ɗazu ma ka ce ba komai."

Alhaji ya ja carbi ɗaya, biyu. Ya ce, "Zuwa la'asar. In mun sallaci la'asar, zan tafi da ɗana."

Ta koma gefen gado ta zauna a kujera, ba ta sake kallon kowa ba. Duk bayan ɗan lokaci ta kama wuyan hannunsa, ta ce ya buɗe baki, ta rubuta a takarda. Allura na zuƙe a cikin ɗan faranti kusa da ita. Ni da Alhaji muna kan benci a baranda, tsakaninmu wurin zaman mutum uku.

Muka yi la'asar a masallacin asibiti. Muka dawo muka tarar Muttaka ya sa hularsa, ya zuro ƙafafu ƙasa. Alhaji ya ce, "To, Malama, mun cika alkawari." Zulaihat ta miƙe, ta soma naɗe takardarta.

Muttaka ya yi tari.

Ɗaya ne, ƙarami. Ni ban ɗauke shi komai ba. Ita kuwa takardar ta faɗi daga hannunta.

"Sake yin magana. Faɗi sunanka."

"Mutt..." Muryar tsohon zakaran nan ta dawo. Ya kai hannu wuya.

"Sista!"

Aka tura mu waje aka rufe ƙofa. Ta gilashi na ga an kwantar da shi, na ga allura ta shiga cinya, na ga Sista na matsa jakar ruwa da hannu. Alhaji na gefena yana ta innalillahi, carbin ya tsinke, 'ya'yan suka watse a siminti, bai ko duba ba. Da a ce ya tafi da shi tun azahar, da yanzu suna can cikin lungu, babura sun toshe hanya.

Wannan karon allura ɗaya ta isa, don ba a ɓata ko minti guda ba. Da Sista ta leƙo ta ce ya dawo, sai na ji ƙafafuna babu. Ni da agana ba ta kayar ba. Na zame a jikin bango na zauna daɓas a ƙasa, hulata ta faɗo ta gangara, ambulan ya fito.

Alhaji ya duƙa ya ɗauka zai miƙo mani, sai ya tsaya.

"Wannan ai rubutun Muttaka ne."

Da na so, da na ce ta Zulaihat ce ta ba ni ajiya. Ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce, "Karanta, Alhaji. Ni ban iya ba."

Shi ne karo na farko da na faɗi haka a gaban wani namiji. Ya yage bakin ambulan, ya nisanta takardar da idonsa, ya karanta a fili.

"Zulai, na kwana ina tunani. Ki gaya wa Baba gaskiya kafin Asabar. In ya hana ni ke saboda wannan, gara ya hana yana sane. Kin san halina, in ya miƙo mani abu da hannunsa ba zan iya cewa a'a ba. In na zo na ga bai ce komai ba, zan ɗauka kin faɗa kuma ya yarda. Ki gaishe da Inna."

Alhaji ya ninke takardar sau biyu.

"Malam Lado, tun yaushe take wurinka?"

"Tun Laraba."

"Kilishin fa, wa ya ba shi?"

"Ni. Sau uku yana ƙi. Na ɗauka kunya ce."

Bai mayar mani da takardar ba, aljihunsa ya sa ta.

"Gobe bayan azahar ina nan tafe gidanka," ya ce. Bai ce da alheri ba, bai ce da akasinsa ba. Ya duƙa ya kama tsintar 'ya'yan carbinsa.

Ƙofa ta buɗe. Zulaihat ta fito da sabulu da buta. Ta ji komai, na gani a fuskarta. Na jira ta yi mani faɗa, da ta yi da na ji sauƙi.

"Baba, yana son ganinka. Amma sai ka wanke hannu. Har ƙarƙashin farce. Ka tuɓe babbar rigar ma, akwai labu a aljihun."

Ta zuba mani ruwa a bakin baranda. Na wanke, ta ce in sake. Na sake, ta ce saura tsakanin yatsu. Jan labun shekara arba'in ya riga ya zama fata, amma na yi ta cuɗawa har ta ce ya isa. Na shiga da 'yar shara, ba riga, ba hula.

Yana kwance, roba a hanci, roba a hannu. Da ya gan ni sai ya kama kiciniyar sauka daga gado wai zai durƙusa. Sista ta daka mashi tsawa, Zulaihat ta danne kafaɗarsa. Na tsaya a ƙarshen gadon.

Shi ya yi magana, da 'yar muryar da ta rage mashi.

"Baba, kilishin ya yi daɗi."

An yaba mani kilishi a Katsina, an yaba a Kano, Alhazai sun tafi da shi har Makka. Kowa na ba shi amsa. Wannan yabon, har yau ban samu amsarsa ba.